Mena ta farfaɗo ne, ko cinikin rana guda ta yi?

Duk ranar da muka buɗe layin tarho a filinmu na wasanni a gidan rediyo, in ana maganar Barcelona ko Real Madrid sai kira ya yi ta shigowa har lokaci ya ƙare, amma shekaru da dama in muka ambaci Mena sai layi ya yi tsit kamar kasuwa ranar ruwan sama. Daga ƙarshen 2024 abin ya canza. Mutane sun koma kira, kuma ba samarin fada kaɗai ba, har da dattawan rumfa da matan kasuwa. Wasu na cewa barewarmu ta miƙe, wasu na cewa an daɗe ana ruwa ƙasa na shanyewa. Wannan gardama ce na bi cikin kasuwa don in ji daga bakin masu ita, in kuma aza ta bisa ma'auni tare da abin da ya faru a filin wasa.

Wata Hajiya mai sayar da atamfa a babbar kasuwar Maraɗi ita ce ta fara ɗaure ni da tambaya. Ta ce mini: "Ɗana, kai da kake faɗa muna labarin balo kullum, ka gaya mini gaskiya. Waɗannan yara riba suke ci, ko uwar kuɗi suke cinyewa?" Na yi dariya na ce: "Hajiya, ai sai mun buɗe littafin lissafi." To ga littafin.

Inda muka fito

Wanda bai kai shekara 20 ba a yau bai san irin daɗin da muka ji ba. A wasannin share fagen cin kofin Afirka na 2012 an haɗa Nijar rukuni ɗaya da Masar, da Afirka ta Kudu, da Saliyo. Masar a lokacin ita ke riƙe da kofin, ta ɗauke shi sau uku a jere, 2006 da 2008 da 2010. Babu wanda ya sa mu cikin lissafi. Amma a watan Oktoba na 2010, a filin wasa na Janar Seyni Kountché da ke Yamai, Moussa Maazou ya jefa wa Masar ƙwallo guda, aka tashi 1 da 0. Daga baya Saliyo ta zo ta sha 3 da 1, Afirka ta Kudu ta zo ta sha 2 da 1.

Ranar 8 ga Oktoba 2011 ba zan manta da ita ba. Ina ɗan lise ina shirin jarabawar bak, muna zaune gaban shagon wani mai shayi kusa da tasha, rediyo na tsakiyarmu. Masar ta zuba muna 3 da 0 a Alƙahira. Mai shayi ya kashe rediyonsa, kowa ya kama hanyar gida rai a ɓace. Ba mu yi nisa ba sai muka ji kabu-kabu na ta oda, yara na gudu suna ihu. Ashe Afirka ta Kudu ta yi canjaras 0 da 0 da Saliyo, ƙasashe uku suka tashi da maki 9 kowace, kuma doka ta ce a duba wasannin da suka yi tsakaninsu. Da aka duba, Nijar ce a sama. Ƴan Afirka ta Kudu har sun yi rawa a filinsu na Nelspruit suna zaton su suka wuce, don ba su karanta doka da kyau ba. A wannan shekara hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, wato CAF, ta zaɓi Harouna Doula a matsayin gwarzon mai horas da ƴan wasa na nahiyar baki ɗaya.

A Gabon a 2012 mun sha kashi a wasanni ukun duka, amma mun je. Shekara ta zagayo muka fitar da Gine, bayan ta ci mu 1 da 0 a Konakiri muka rama da 2 da 0 a Yamai, muka tafi Afirka ta Kudu a 2013 ƙarƙashin Bajamushe Gernot Rohr. Can muka samu makinmu na farko a gasar, da muka tashi babu ci da Kwango ta Kinshasa.

Daga nan kasuwa ta watse. An yi gasar 2015, da 2017, da 2019, da 2021, da 2023, da 2025, sau shida ke nan babu Mena. Abin da ya ƙara zafi shi ne tun 2019 aka faɗaɗa gasar daga ƙasashe 16 zuwa 24, wato an ƙara rumfuna a kasuwa amma mu ba mu samu ko inuwa ba. A share fagen 2023 ma Nijar ce ta ƙarshe a rukuninta, wasa shida ba ta ci ko ɗaya ba. Duk wanda ya juya wa Mena baya a waɗannan shekaru ba za a ce ya yi rashin kishin ƙasa ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Abin da masu fata ke riƙe da shi

Wani matashi mai sayar da kayan gyaran babur ya ce mini shi bai yarda da labarin da, abin da idonsa ya gani a tele shi yake faɗa. Kuma abin da ya gani ba ƙarami ba ne.

A ƙarshen 2023 aka ɗauko Badou Zaki ɗan ƙasar Maroko ya horas da Mena. Tsohon mai tsaron gida ne da ya kai ƙasarsa zagaye na biyu a kofin duniya na 1986, aka ba shi kyautar gwarzon ɗan wasan Afirka a shekarar, kuma shi ya kai Maroko wasan ƙarshe na kofin Afirka a 2004 yana mai horarwa. Farkon tafiyar ba ta yi daɗi ba. A share fagen kofin Afirka na 2025, cikin rukunin Angola da Sudan da Gana, wasa huɗu na farko maki ɗaya tak muka samu. Mutane sun riga sun yi wa Mena sallar gawa.

Sai ga watan Nuwamba na 2024. A birnin Lome Mena ta lallasa Sudan 4 da 0. Kwana huɗu bayan haka ta je har Akra ta ci Gana 2 da 1 a gaban jama'arta, Oumar Sako ya ci ta biyun ana dab da tashi, sannan Mohammed Kudus ya ɓarar da bugun daga kai sai mai tsaron gida a mintunan ƙarshe. Gana mai kofi huɗu ta ƙare a ƙasan rukuni, karon farko ke nan tun 2004 da ta rasa zuwa gasar. Mu kuma muka tashi da maki 7. Sudan ta yi canjaras da Angola ta samu maki 8, ta wuce. Maki guda ya raba mu da Maroko inda aka yi gasar.

Share fagen kofin duniya na 2026 ya fi wannan ma. An haɗa mu da Maroko wadda ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Katar a 2022, da Zambiya wadda ta ɗauki kofin Afirka a 2012, da Tanzaniya, da Kwango ta Barazabil. Mena ta ci Zambiya sau biyu, 2 da 1 a 2023, da 1 da 0 a garin Ndola a Oktoban 2025. Ta ci Tanzaniya 1 da 0 a gidanta. Ta ci Kwango 3 da 1, ban da maki uku da aka ba ta a ofis saboda Kwango ba ta halarci wasan farko ba. A ƙarshe Nijar ta zo ta biyu a rukuni da maki 15, bayan Maroko da ta cinye wasanninta takwas. Sunaye irin su Daniel Sosah da Youssouf Oumarou suka shiga bakin yara a unguwanni.

To me ya hana mu wucewa? Rukuni tara aka yi a Afirka, na ɗaya kowane ya tafi kofin duniya kai tsaye, sannan aka zaɓi huɗu mafi maki cikin waɗanda suka zo na biyu don su sake fafatawa. Da yake Iritiriya ta janye daga rukuninmu, sai aka cire wa sauran ƙasashe makin da suka samu a kan na ƙarshen rukuninsu don a daidaita lissafi. Da aka gama, Gabon na da 19, Kwango ta Kinshasa 16, sannan ƙasashe huɗu suka yi kunnen doki da maki 15: Kamaru, Najeriya, Burkina Faso da Nijar. Gurbi biyu ya rage, aka koma ƙidayar ƙwallaye. Mu mun ci 11 an ci mu 10, rararmu guda ɗaya. Kamaru da Najeriya suka wuce.

A nan ne magoya baya suka fi cizon yatsa. A watan Maris na 2025, a garin Oujda, Mena ce ta fara cin Maroko ta ƙafar Youssouf Oumarou. Maroko ta rama, sannan ta ci ta biyu bayan minti 90 sun cika, cikin ɗan lokacin da alƙalin wasa ya ƙara. Da an tashi 1 da 1 a daren nan, da makinmu 16, da babu wanda zai tsaya ƙidayar ƙwallaye da mu. Sau biyu ke nan cikin shekara guda maki ɗaya na hana mu shiga. Mai kayan babur ya ce mini, wanda ya rasa ciniki saboda dala guda ai ba za a ce ba shi da jari ba.

Abin da masu shakka ke cewa

Amma wani dattijo mai awon hatsi, wanda ya ce tun zamanin da ake sauraren maci a rediyo mai batir shida yake bin Mena, bai ɗauki wannan magana ba. A ganinsa mai rasa ciniki da dala guda sau ɗaya tsautsayi ne, mai rasawa sau biyu kuwa akwai abin da bai iya ba. Ya tuna mini cewa a duka tafiyoyin biyu Mena sai da ta bari ruwa ya kai mata wuya kafin ta fara iyo. A na kofin Afirka ta zubar da wasa huɗu na farko. A na kofin duniya wasan farko ma Tanzaniya ta ci mu 1 da 0, kuma mu ne masu masaukin baƙi a takarda. Ya kuma tuna mini daren Rabat a Satumban 2025 da Maroko ta zuba muna 5 da 0, da kuma gasar CHAN ta ƴan wasan cikin gida da aka yi a Agustan 2025, inda muka fito tun zagayen farko.

Maganarsa tana da nauyi, don mun taɓa ganin irin wannan haske ya ɗauke. A farkon 2023 a Aljeriya, ƴan wasanmu na cikin gida ƙarƙashin Harouna Doula sun ci Kamaru, sun ci Gana 2 da 0, sun kai wasan kusa da na ƙarshe a CHAN, abin da ba mu taɓa yi ba. A 2017 ƴan ƙasa da shekara 17 sun je kofin duniya a Indiya, sun ci Koriya ta Arewa, sun wuce zagayen farko. Kowane lokaci mun ce an kama hanya. Dattijon ya tambaye ni, ina yaran Indiya suke yau, nawa ne cikinsu suka zama ginshiƙin babbar Mena? Tambaya ce da duk mai son ƙwallon ƙasar nan ya kamata ya yi wa kansa.

Akwai kuma maganar gasar cikin gida. Manyan ƙungiyoyin da suka saba ɗaukar kofin ƙasa, irin su Sahel SC, da Olympic FC, da AS FAN, da AS GNN, da AS Douanes, duk na Yamai ne. Mu a nan mun san Dan Kassawa da Jangorzo a Maraɗi, da Espoir a Damagaram, da Ader a Tawa, amma yaro mai ƙafa a Tasawa ko Madawa ko Mirya in yana son a gan shi sai ya yi tattaki zuwa babban birni, ko ya tsallaka iyaka. Ƙasar da ba ta tara hatsi daga dukkan gonakinta ba, rumbunta ba zai cika ba.

Mai rumfa da mai talla

Yanzu bari in faɗi nawa ra'ayi, tunda Hajiya ni ta tambaya. Ku sake duba lissafin 2012 da na kawo a sama. Maki 9 da suka kai mu Gabon duka a Yamai muka same su. Wasa uku a gida mun cinye, wasa uku a waje mun sha kashi ba mu ci ƙwallo ko ɗaya ba. Gine ma a Yamai muka kayar da ita. Zafin rana, da kiɗa, da ihun mutum wajen dubu 35 a filin Seyni Kountché, su ne ɗan wasa na goma sha biyu.

To a tafiyoyin nan biyu na 2023 zuwa 2025 babu wasa ko ɗaya da Mena ta buga a Yamai, saboda CAF ba ta amince da filin ba bisa sharuɗɗan da ta gindaya wa manyan wasanni. Wasanninmu na gida a Marakesh aka yi su, da Berkane, da Lome. Abin da ya fi ban takaici, wancan maci na Oujda da muka rasa maki a minti na ƙarshe, a takarda mu ne masu gida, Maroko ce baƙuwa, amma a ƙasarta aka buga, gaban jama'arta. Ku ƴan kasuwa kun fi kowa sanin bambancin mai rumfa da mai talla. Mai rumfa abokan cinikinsa sun san inda za su same shi, mai talla kuwa kullum a inuwar wani yake fakewa. Ƙungiyar da ta tara maki 15 tana talla, ina ganin ba a yi mata adalci ba in aka ce sa'a ce kawai.

Sai dai kada mu mai da wannan hujja matashin kai. Sudan da ta sha gabanmu da maki guda tana cikin yaƙi tun 2023, ita ma ba ta buga a Khartum ba, a Juba da Bengazi ta karɓi baƙinta, kuma ta wuce. Rashin fili yana rage ƙarfi, amma ba shi ne ya sa muka kasa cin Angola ƙwallo ko ɗaya a wasa biyu ba.

Rashin wasa a gida kuma ba ƴan wasa kaɗai yake cuta ba, har da aljihunku. Duk wanda ya taɓa zuwa Yamai ranar babban maci ya san yadda gari ke cika. Motocin Maraɗi da Damagaram da Tawa da Doso na tashi maƙil. Mai ruwan sanyi, da mai tsire, da mai kilishi, da mai ƙosai, da telan da ke ɗinka tuta mai ruwan lemo da fari da kore, kowa na samun rabonsa. In aka kai wasan Maroko, kuɗin jirgi da na masauki da na hayar fili duk can suke zama. Hajiya mai atamfa ta ce mini jikokinta uku kowane na da rigar mayo ta wata ƙungiyar Turai, babu mai ta Mena. Na zaga layin masu kayan wasanni na ga dalili, rigunan Turai ne rataye ko'ina, ta Mena sai ka tambaya a shiga ciki a lalubo. Ɗan kasuwa ba ya sarin abin da ba a nema, yaro kuma ba ya neman rigar wanda bai taɓa gani da idonsa ba. A 2019 da aka yi gasar Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 20 a Yamai da Maraɗi, mun ga yadda yaran garin nan suka yi ta tururuwa zuwa fili. Ƙishirwar tana nan.

Yadda za mu gane gaskiya

Kofin Afirka na 2027 ƙasashen Kenya da Uganda da Tanzaniya aka ba su karɓi baƙuncinsa. Kafin a ce Mena ta warke, ni abu uku nake dubawa, kuma ina ba ku shawara ku duba su maimakon ku bi ihun rana guda. Na farko, a ina ake buga wasanninmu na gida, a Yamai ko a ƙasar wasu. Na biyu, yaya muke fara tafiya, don juma'ar da za ta yi kyau tun daga laraba ake gane ta, kuma makin da aka zubar a wasan farko ba ya dawowa a na ƙarshe. Na uku, ƴan wasa nawa ne sababbi ke shigowa daga gasar cikin gida da jihohi, don Maazou ya yi zamaninsa ya wuce, waɗanda ke bugawa yau ma za su wuce.

Da na koma wurin Hajiya na karanta mata wannan lissafi, ta yi shiru sannan ta ce: "Wato dai yaran sun fara cin riba, amma ba su da rumfa, kuma ba su iya buɗe shago da wuri ba." Na ce: "Hajiya, kin fi ni iya faɗa." Ta ce to ita za ta saya wa ƙaramin jikanta rigar Mena, sauran biyun kuma sai ranar da aka buga a Yamai ta gani a tele da idonta. Dattijo mai awon hatsi shi ko cewa ya yi ba zai saya ba, ba zai kuma kashe rediyonsa ba, don ya tuna abin da ya faru da masu kashe rediyo a 2011.

Layinmu a buɗe yake ga duk mai ra'ayi, mai fata da mai shakka. Allah ya ba Mena sa'a, ya ba ku kasuwa mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.